Mota mai turbo tana sarƙewa in ka danna totur? Ga yadda za ka bi sawun matsalar kafin a ce ka sayi sabon turbo

Ni abin ya fara min ne a hanyar Jega zuwa Koko, wajen ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, irin zafin nan da ko sitiyari sai ka riƙa sauya hannu. Tirela ce a gabana ta ɗauko albasa tana jan jiki, na leƙa na ga hanya fayau sai na fito na danna totur har ƙasa, mota ta ɗauki wuta kamar abin arziki, sai da na zo daidai tsakiyar tirelar nan ta fara tari tana fizga kamar wanda ake ja wa riga ta baya, fitilar cek injin tana ta ƙyaftawa, ga wata Sharon ta ɓullo daga can. Birki na taka na koma bayan tirela ina salati. Abin haushin kuma ina sassauta ƙafa ta koma lafiya lau, har Yauri ba ta ƙara ko tari ɗaya ba muddin ban matsa mata ba.

Da na dawo Birnin Kebbi na kai ta gareji, oga ya buɗe bonet ya banka mata wuta a tsaye sau uku, inji ya yi kuka garau, sai ya ce "Malam motag ga lahiyatta lau, in ko da wani abu to turbo ne ya gaji, sai a aiko da wani daga Kano." Ban yarda ba, kuma kai ma kar ka yarda da irin wannan gwajin. Mota a tsaye ba ta ɗauke da nauyin komai, turbo ɗin ba ya tara iskar kirki, don haka ciwon da ke fitowa lokacin da take jan kanta da mutum huɗu da buhun shinkafa a but ba zai taɓa nuna kansa a inuwar gareji ba. Turbo fanka ce guda biyu a kan sanda ɗaya, hayaƙin salansa yana juya ɗaya, ɗayar tana cusa iska cikin inji da ƙarfi, sanda tana juyi sama da sau 100,000 a minti. In iska ta yi yawa haka to mai ma dole ya ƙaru, wutar fulogi dole ta yi ƙarfi, duk wani abu mai rauni a nan asirinsa ke tonuwa. Shi ya sa ake farawa daga abu mai arha a tafi zuwa mai tsada, shi turbo ɗin shi ne na ƙarshe a layi.

Matakin farko ba ya buƙatar sifana ko ɗaya, ka tantance wane irin sarƙewa take yi. Ka samu hanya miƙaƙƙiya da rana tsaka ba cunkoso, kamar ta Argungu ko wajen Kalgo, ka ɗauki mutum ɗaya ya zauna gefenka. In mai giyar hannu ce sa ta giya uku ko huɗu, allurar juyin inji tana wajen 2,000, sai ka danna totur har ƙasa, in atomatik ce ka mai da ita wajen da kake sauya giya da kanka don kar ta sauko da giya ta ɓoye maka laifin. In ta yi fizga da tari jikin mota yana karkarwa, wannan misin ne, wuta ce ba ta kamawa a wata silinda. In kuma ba ta fizga amma ta yi laƙwas, kana dannawa ba ta amsawa, wataƙila har da ƙarar iska fuuu daga gaba, to iskar turbo ce ke zurarewa. In ta fara ja da kyau sai can sama wajen 4,000 zuwa 5,000 ta ɗauke kamar mai ya ƙare, ka sa ido a ɓangaren mai. In ko allura tana hawa inji yana ihu amma gudu bai ƙaru ba, to ka rabu da inji, kuloci ne ko giyabos ke zamewa. Akwai kuma ɗan jinkirin nan na daƙiƙa ɗaya ko ƙasa da haka kafin turbo ya cika, wannan halinsa ne ba ciwo ba, kar wani ya ci kuɗinka a kai. Abu ɗaya dai, in cek injin tana ƙyaftawa ba kunnuwa kawai ta yi ba, ɗaga ƙafa nan take, ɗanyen mai ne ke wucewa salansa yana ƙona abin tace hayaƙin da ke cikinsa, wanda makanikai ke ce wa indomi, gwaji ɗaya ko biyu ya isa.

Na biyu sikana, wato na'urar da ke karanto lambobin matsala daga kwamfutar mota. Duk motar fetur da aka yi don Amurka daga 1996, ko don Turai daga 2001, tana da wata kafa mai ramuka 16 a ƙasan sitiyari. Akwai ƙaramin sikana ELM327 da ke haɗuwa da waya ta Bluetooth, ba shi da tsada, ni tun daga ranar nake ajiye ɗaya a aljihun dashbod. Dan Allah kar ka bari a goge lambobin kafin ka ɗauki hotonsu, yaran gareji suna da saurin hannu wajen gogewa su ce an gyara. P0300 misin ne barkatai, P0301 zuwa P0304 kuma lambar ƙarshe ita ce silindar da ke da laifi. P0299 iskar turbo ta gaza abin da birenbos, wato kwamfutar motar, ya nema, P0234 ta wuce kima. P0171 iska ta fi mai yawa, P0087 ƙarfin mai ya faɗi, P0101 sensar auna iska ce ke ba da labarin da bai yi daidai ba. Ko fitila ba ta kunnu ba ka duba, akwai lambobin da ke jiran tabbaci a ciki. Lamba fa ba hukunci ba ce, P0299 ba ta ce turbo ya mutu ba, cewa ta yi iska ba ta kai ba, tiyon da ya tsage ma ita zai kawo. Tawa P0303 ta nuna, da P0299 a bayanta.

To sai fulogi da kwayil, wato abin da ke ba fulogi wuta, a nan zan ɗan daɗe don a ganina nan ne aka fi samun ɓarawon. Iskar da aka matse da ƙarfi tana wahalar da tartsatsi wajen tsallaka bakin fulogi, shi ya sa injin turbo yawanci tazarar bakin fuloginsa ƙarama ce, wajen milimita 0.7 zuwa 0.8, alhali na motocin da ba turbo sukan kai 1.0 zuwa 1.1. Abin da ke faruwa a garejinmu shi ne in an zo sabis sai a aiki yaro shago da tsohon fulogi, duk wanda zarensa ya shiga ramin shi ke nan an ɗaura. Motar za ta tashi, za ta yi silo lafiya, za ta zaga gari lafiya, ranar da ka nemi wuce tirela ranar za ka san an yi maka aika-aika. Ka bari inji ya huce, ka ciro kwayil ɗaya bayan ɗaya ka jera su yadda suke, ka haska ramin da tocilan. In ka ga baƙin mai ya taru a ciki gasket ɗin murfin inji ne ke yoyo, in ruwa ne ko tsatsa to aikin masu wankin mota ne da ke feshe inji da injin ruwa. Ciro fulogin ka duba lambar da ke jikinsa ka gwada da wadda littafin motar ya ce, ka auna bakin da fila gej, wato siraran ƙarafan auna tazara, ka duba farin tangaran ɗin ko akwai wani siririn baƙin layi kamar an ja da fensir, wannan wuta ce ke bin gefe tana gudu maimakon ta sauka ƙasa, in ka gan shi fulogi da robar kwayil duk sun tashi aiki. Masu bakin iridiyam tsinin siriri ne kamar allura kar a banƙare shi da sukundireba, kuma jabunsu sun cika kasuwa, kwalin ya yi kyau amma in farashin ya yi arha fiye da hankali ka ajiye musu kayansu.

Gwajin kwayil kuwa kyauta ne. A ce lambar P0303 ce, ɗauki kwayil na uku ka mai da shi na biyu, na biyu ya koma na uku, yanzu ka goge lambar ka sake fita gwaji. In ta koma P0302 laifi ya bi kwayil, sai ka sayi guda. In ta tsaya a uku sai ka yi wa fulogi irin wannan musanyar, in har yanzu tana uku to magana ta koma kan nozul mai fesa mai ko matsin silindar kanta, a nan sai a auna kwamfireshan. Ni da muka yi, fulogin huɗu duk na wata mota ce marar turbo, bakinsu 1.1, kwayil na uku kuma ya riga ya galabaita saboda wahalar da suka ba shi. Oga ya juya fulogin a hannu ya ce "wanga yaro ya kashe mu," ya ƙwala wa yaron kira, ni dai na ce a bar maganar a kawo na gaskiya.

Bayan nan sai neman inda iska ke zurarewa. Ka bi hanyarta da ido da hannu tun daga bakin turbo, ta manyan tiyo, zuwa intakula wato ɗan lagireton iskar nan da ke ƙasa a bayan bamba, har zuwa maƙogwaron inji. Alamar da ta fi saurin tona asiri ita ce danshin baƙin mai da ƙura ta manne masa a wajen wani kilif ko lanƙwasa, don iskar tana tafe da ɗan tururin mai, inda take fita nan take barin tabo. Ka matsa kowane tiyo ka juya shi ka ga cikinsa ta ƙasa, tsaguwar takan rufe bakinta in ba matsi, sai iska ta cika ta buɗe. Intakula yana ƙasa sosai, ramukan hanya da tudun rage gudu da ake yi a kowane ƙauye suna dukansa, ga motocinmu da yawa an shigo da su ne da bugu a gaba aka gyara fuska aka bar na ciki da faci. In ido bai gani ba sai a yi gwajin matsi, a cire tiyon da ke shiga turbo daga wajen filta, a toshe da murfin faif na roba da aka huda aka sa masa bawul ɗin taya, a ɗaure da kilif, inji a kashe, a buɗe murfin baƙin mai, a sa iska a hankali kar ta wuce psi 10. Ka ja kunnen mai faci sosai, kwamfiresarsa tana iya wuce psi 100, in ya sake mata baki zai fasa maka abin da ba a fasa ba. Sai ka bi mahaɗa ɗaya bayan ɗaya da ruwan omo, inda ya yi kumfa nan ne. In garejin na da injin hayaƙi ya ma fi. Tawa a ƙasan tiyon da ke fita daga intakula aka samu tsaga ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba, ita ce mai P0299 ɗin nan da aka so a sayar min da turbo a kanta. Kar a naɗe maka da robar tub da waya, ba zai kai Jega ba, a sa wani tiyon da kilif mai kyau.

Filtar iska ba sai na ja ba, wanda ya san hunturun Kebbi ya san abin da ƙura ke yi. Ɗaga ta ka kalli rana ta ciki, in haske ba ya ratsawa canza, busa ta da kwamfiresa yana yaga takardar ne ƙura ta wuce kai tsaye kan fankar turbo. In motarka na da sensar auna iska a bayan filta a fesa mata maganin da aka yi dominta, ban da na kafireto, ban da taɓa siririyar wayar ciki, a bari ta bushe kafin a mayar.

Sai mai. Tambayi kanka tsakani da Allah, yaushe abin ya fara, ba bayan ka sha mai a galan wajen 'yan bumburutu ba ne? Kowa ya yi, ni ma na yi, in dare ya kusa kana hanyar Kamba ko Zuru ba ka da zaɓi. A tsiyayo kaɗan a farar gora a ajiye minti goma, in da ruwa za ka ga ya kwanta a ƙasa ya raba layi. Waɗanda suka ga abin da gurɓataccen fetur mai metanol ya yi wa motoci a farkon 2022 ba sai an yi musu dogon bayani ba. Akwai kuma maganar ƙarfin man, buɗe ƙofar tanki ka karanta, yawancin masu turbo na Turai 95 suke nema a ma'aunin RON, namu na gidan mai kuwa 91 ne ƙa'idarsa. 'Yan Amurka lissafinsu daban, 87 ɗinsu shi ne kusan 91 namu, 91 ɗinsu kuma kusan 95. In man bai kai ba za ka ji ƙara kamar tsakuwa a gwangwani lokacin da ka danna, sensa za ta ji, birenbos ya ja lokacin wuta baya don ya ceci fistin, kai kuma ka ji mota ta yi nauyi. Motocin turbo na zamani irin su TSI na Volkswagen, EcoBoost na Ford, 1.5 na Honda Accord da Civic, C300 daga 2015, duk nozul ɗinsu cikin silinda yake fesawa kai tsaye, don haka famfon mai biyu gare su, na cikin tanki mai ba da matsin da bai wuce bar 4 zuwa 6 ba, da na kan inji mai kai shi bar 150 zuwa 200. Wanda ke gefenka ya kalli sikana lokacin da ka danna, akwai ƙarfin da birenbos ya nema da wanda aka samu, in na biyun ya faɗo ƙasa daidai lokacin da ta sarƙe to an kama bakin zaren. A fara da filta da famfon tanki, musamman in an taɓa canza shi da na wata ƙaramar mota don kawai ya shiga gurbin. Kuma wallahi kar kowa ya sassauta faif ɗin ƙarfen nan inji na aiki ko an kashe yanzu-yanzu, man da ke ciki yana iya huda fata.

Zafi ma yana da nasa. In bayan sallar asuba motar tana tashi kamar doki, amma da azahar da AC a kunne sai ta yi kasala, to iskar da ke shiga ce ta yi zafi, garin da ke wuce digiri 40 a Maris da Afrilu ba wasa ba ne. Leƙa intakula ta ramin bamba, za ka same shi cike da ƙwari da laka da ƙaiƙayi, a wanke da ruwa marar ƙarfi don kar haƙoransa su lanƙwashe. Wannan al'adar ta cire tamostat da haɗa fanka kai tsaye wai don motar Turai ce ba ta san zafinmu ba, ni ban ga amfaninta ba, inji ba ya kai zafin aikinsa da wuri, birenbos ya yi ta zuba mai, fulogi ya yi baƙi, a dawo gidan jiya.

In duk wannan lafiya kuma lambar iska tana dawowa, sai a duba masu ba turbo umarni. Akwai wata 'yar ƙofa a jikinsa, westiget, da ke sakin hayaƙi ya wuce ta gefe in iska ta isa. In sandarta ta yi lako-lako ko ƙofar ba ta rufuwa iska ba za ta taru ba, in kuma ta maƙale a rufe iska ta wuce kima sai birenbos ya rage wa inji ƙarfi sosai, mota ta koma tafiyar kura da ƙyar take kai 60, ka kashe ka tayar ta dawo daidai har sai ka sake matsa mata. A duba siraran tiyon da ke zuwa wajenta, zafi yana busar da su su tsattsage, da solanoyid ɗin da ke tsakani, a injin 1.8T na Sharon da Golf 4 sunansa N75. Akwai kuma bawul mai mai da iska baya in ka ɗaga ƙafa, a injin TFSI na Volkswagen da Audi na farko-farko roba ce a cikinsa kuma an san ta da yagewa, ƙusa uku ne ka ciro ka gani da idonka.

Indomi kuma in an daɗe ana tafiya da misin yakan narke ya toshe, alamarsa ƙarfin mota na raguwa yayin da allura ke hawa, ƙasan mota ya yi zafi sosai, wani lokaci da warin ruɓaɓɓen ƙwai. Ana gwadawa ta hanyar auna matsin hayaƙi a ramin sensar oksijin ta gaba. Ka tsaya a wajen da kanka, abin yana da kasuwa saboda ƙarafa masu tsada da ke cikinsa irin su filatinam, shi ya sa wasu ke saurin yanke masa hukunci. Masu Hilux mai shan gas da sauran na gas, ku ba ku da fulogin wuta, naku ku fara da filtar gas da ruwan da ke taruwa a ƙasanta, sai tiyon iska, sai bawul ɗin EGR mai mai da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji, wanda ke cikewa da baƙin toka, baƙin hayaƙi in an danna yawanci iska ce ta gaza.

Yanzu ne aka iso kan turbo. Inji a kashe kuma a sanyaye, a cire tiyon bakinsa, ka sa yatsa biyu ka kama tsakiyar fankar. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi muddin ba ta gogar bango, amma in tana shiga tana fita, ko fukafukan sun gutsure, ko ka ga sawun guga a jikin gidan, ga shuɗin hayaƙi a salansa, ga kuka kamar jiniya, ga baƙin mai na raguwa ba yoyo, to nan kam ya tafi. Ko a nan ma kar a ɗaura wani sai an san me ya kashe shi, a canza siririn faif ɗin da ke kai masa baƙin mai ko a tabbatar bai toshe ba, a wanke intakula, a juye mai a zuba wanda littafin ya ce, in 0W-20 ko 5W-30 aka rubuta kar a ɗura 20W-50 wai ya fi kauri, kuma in ka sha doguwar tafiya ka bar ta ta yi silo minti ɗaya ko biyu kafin ka kashe.

Duk abin da aka gyara a yi shi ɗaya bayan ɗaya, a goge lamba, a fita gwaji, in ka canza abu biyar rana ɗaya ba za ka san wanne ne ba. Ni fulogi huɗu da kwayil ɗaya muka fara sawa, fizgar ta tafi amma ƙarfin bai gama dawowa ba, washegari aka sa tiyo. Na ɗauki oga da kansa muka fita hanyar Kalgo da ƙarfe biyu na rana, AC a kunne, giya huɗu, allura a 2,000, na danna har ƙasa sau uku yana riƙe da wayata yana kallon sikana, iskar da aka nema da wadda aka samu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Turbo ɗin da ya ce a aiko daga Kano shi ne dai wanda motar ta zo da shi, yana nan a jikinta har yau.